Giya Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Faɗin Haramcinta Kaɗai Bai Sauke Mana Nauyi Ba

 

A ƙasashen da shan giya ya zama ruwan dare, kamar Amurka da Ingila da Suwidin, akwai tambayar da likitocin tiyatar rage ƙiba suka saba ji daga bakin majinyatansu: yaushe zan koma shan giya, kuma nawa zan iya sha? A wurin Musulmi amsar ba ta da tsawo. Giya haramun ce kafin tiyata, haramun ce bayan tiyata, kaɗan ɗinta da mai yawanta. Babu saɓani a kan wannan tsakanin malaman Musulunci.

To, amma ra'ayina shi ne, idan muka faɗi wannan hukunci muka naɗe tabarma, ba mu sauke nauyin da ke kanmu ba. 'Yan'uwanmu suna zuwa Indiya da Masar da Turkiyya da Dubai ana yi musu wannan aiki. Ɗalibanmu da 'yan ci-raninmu suna zaune a garuruwan da ake sayar da giya a kanti ɗaya da burodi. A cikinmu akwai waɗanda aka jarrabe su da sha a ɓoye, iyayensu da matansu ba su sani ba. Irin wannan mutum, idan ya shiga ɗakin tiyata ya fito, yana fuskantar haɗarin da bai san da shi ba, kuma kunyar da ta hana shi magana ita ce za ta iya kai shi kabari.

Abin da tiyatar take yi wa ciki

Tiyatar rage ƙiba ba ta kwalliya ba ce. Ana yin ta ne ga wanda ƙiba ta zame masa cuta. Likitoci suna auna wannan da lissafi mai sauƙi: a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, sannan a sake rabawa da tsayin. Mai kilo 120 da tsayin mita 1.70 zai samu kusan 41.5. A shekarar 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ajiye ƙa'idar cewa wanda ya kai 40, ko ya kai 35 tare da wata cuta kamar ciwon suga ko hawan jini, ya cancanci a duba yi masa aikin. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ƙa'idar zuwa 35, har ma ƙasa da haka ga mai ciwon suga da ya ƙi jin magani.

Nau'o'i uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne tiyatar kewaye, wadda Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ya fara yi domin rage ƙiba a shekarun 1960. Ana ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Na biyu shi ne wanda likitoci ke yi wa laƙabi da hannun riga: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba. Wannan ne aka fi yi a duniya a yau, kuma ya yaɗu ƙwarai a Kuwait da Saudiyya da sauran ƙasashen yankin. Na uku shi ne ɗaura zobe a wuyan tumbi, wanda yanzu an rage yin sa.

Ta fuskar Shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 da ta yi a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta rage ƙiba ta hanyoyin da ilimi ya amince da su, har da tiyata, matuƙar ƙibar ta kai matsayin cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an aminta daga cutuwa. Amfaninta kuwa tabbatacce ne. Babban binciken da aka fara a Suwidin tun 1987, wanda ya bibiyi mutum fiye da 4,000, ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun ragu a cikin waɗanda aka yi wa aikin idan aka kwatanta su da waɗanda ba a yi wa ba. Don haka wannan rubutu ba tsoratarwa ba ne daga tiyatar. Jan hankali ne kan wata ƙofa da takan buɗe a bayanta.

Kofi biyu da ya koma huɗu

A jikin da ba a taɓa ba, giya takan ɗan dakata a tumbi. Akwai ƙofa a ƙarshen tumbin da take sakin abin da ke ciki zuwa hanji kaɗan-kaɗan, kuma akwai sinadari a bangon tumbin da yake fara karya wani ɓangare na barasar tun kafin ta shiga jini. Tiyatar kewaye takan tsallake ƙofar gaba ɗaya, tiyatar hannun riga kuwa takan sa abin da aka sha ya wuce da sauri. Sai giyar ta zube cikin ƙaramin hanji, wanda shi ne wurin da ya fi saurin tsotse ta. Ga shi kuma nauyin jiki ya ragu, ga abinci kaɗan ake ci, ga likitoci sun hana haɗa ci da sha a lokaci guda. Ma'ana, kullum kamar a kan cikin yunwa ake sha.

A 2015 wata mai bincike, Dakta Yanina Pepino, da abokan aikinta a birnin St. Louis na Amurka suka auna jinin matan da aka yi wa tiyatar kewaye bayan sun sha giya. Suka tarar cewa barasar takan kai ƙololuwa a jininsu cikin 'yan mintuna, kuma adadinta yakan ninka na waɗanda ba a yi wa aikin ba. A taƙaice, kofi biyu yakan yi musu aikin kofi huɗu, har ya zarce iyakar da dokar Amurka ta yarda a yi tuƙi da ita. Daga baya aka samu makamancin haka ga masu tiyatar hannun riga.

Sa maye da wuri yana da abokin tafiya, wato saurin kamuwa. A 2012 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka, JAMA, ta buga binciken Dakta Wendy King ta Jami'ar Pittsburgh a kan mutum 1,945. Kafin tiyata, kashi 7.6 cikin 100 nasu suna da alamun matsalar shan giya. A shekarar farko bayan aikin adadin bai tashi ba. A shekara ta biyu sai ya kai kashi 9.6. Fiye da rabin waɗanda aka samu da matsalar bayan tiyata ba su da ita a shekarar da ta gabaci aikin. Da aka ci gaba da bibiyarsu, rahoton 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyar kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu tiyatar kewaye ya nuna alamun matsalar, masu zobe kuwa kusan ɗaya cikin tara.

Wannan bambanci tsakanin kewaye da zobe yana da muhimmanci. Wasu sukan ce ai wanda ya saba huce haushinsa a kan abinci, idan aka rufe masa wannan hanya sai ya nemi wata. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin da yawa sukan ci ne saboda damuwa ko kaɗaici. Amma da wannan ne kaɗai dalili, da masu zobe da masu kewaye sun zo daidai, tunda dukkansu an taƙaita musu ci. Tazarar da ke tsakaninsu tana nuna cewa sauyin da aka yi wa hanyar abinci shi kansa yana da hannu. Duk abin da ya isa ƙwaƙwalwa da sauri da ƙarfi ya fi saurin kama mutum.

Sauran ɓarnar kuma ga ta. Giram ɗaya na barasa yana ɗauke da kalori 7, na sukari 4, na mai 9, don haka mai sha yana maido da ƙibar da ya kashe dukiya ya rabu da ita. Giya tana hana hanta sakin suga cikin jini, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, na kusa da shi su zaci maye ne kawai. Tana taimaka wa gyambo ya fito a mahaɗar da aka ɗinke. Tana ƙara ƙarancin bitamin B1, wanda dama mai tiyata yana cikin haɗarin rasa shi, kuma rashinsa yana jawo cutar ƙwaƙwalwa da likitan Jamus Carl Wernicke ya siffanta a 1881: ruɗewa, tangaɗi, da rikicewar motsin idanu, wani lokaci babu dawowa.

Inda Shari'a ta tsaya

Ya kamata ɗalibai su lura da wani abu. Haramcin giya bai rataya a kan binciken Pittsburgh ko na St. Louis ba. Mun bar ta ne domin Allah ya hana, ko an gano illarta ko ba a gano ba. Hani ya sauka daki-daki: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar baki ɗaya. Kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka yi bayanin cewa Shari'a ta zo ne domin ta tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Mai shan giya bayan tiyata yana taɓa biyu a lokaci guda, hankalinsa da ransa.

Akwai ƙa'idar da ta zo a hadisin Jabir (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa hukuncin ɗan kaɗan na abin maye shi ne hukuncin mai yawansa. Wannan mas'ala ta tiyata tana nuna hikimar ƙa'idar a fili. Mutumin da ya shekara goma yana ruɗin kansa cewa ya san iyakarsa, ranar da aka sallame shi daga asibiti iyakar ta ƙaura, shi kuwa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta bayyana a farkon 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma rahotonta na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara da shan ta.

Sai batun magani. Imam Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid (RA) ya nemi izinin yin giya domin magani, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. A kan haka malaman Malikiyya suke, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Abin da Mukhtasar na Khalil ya togace shi ne wanda loma ta shaƙe, rai yana shirin fita, babu wani abin sha a kusa. Wannan ya bambanta da magungunan asibiti na ruwa da akan sa musu ɗan barasa domin narkar da sinadari ko adana shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka a 2002, ta haramta yin magani da zallar giya, ta kuma halatta maganin da ke da ɗan adadin da sana'ar haɗa magani ta tilasta, idan babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Mai tiyata yakan sha magungunan ruwa a makonnin farko, don haka ya tambayi likita ko mai ba da magani a zaɓa masa wanda babu barasa a ciki. Ya kuma nisanci jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallatawa a tasha da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, domin da yawansu da barasa ake jiƙa su.

Ga masu cewa wannan matsalar Turawa ce

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, mu da ba ma sha? Maganar tana da rabin gaskiya. An yi waɗannan bincike ne a al'ummomin da giya take kan teburin kowane biki, kuma ba daidai ba ne a ɗauko alƙalumansu a ɗora a kan Kano ko Damagaram. Wanda bai taɓa kai ta bakinsa ba, kuma bai fara ba bayan tiyata, ya tsira daga wannan babi gaba ɗaya. Wannan ni'ima ce da ya kamata mu gode wa Allah a kanta.

Sauran rabin kuwa shi ne tumbin Bature da na Bahaushe iri ɗaya ne. Kuma da babu masu sha a cikinmu, da hukumar NAFDAC ba ta sha fama a kan giyar leda da ta ƙananan kwalabe ba, da Hisba ba ta riƙa farfasa kwalabe a Kano ba. Sannan ƙofar ba ta giya ba ce kaɗai. Bayan tiyatar kewaye likitoci sukan hana magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac saboda gyambo, kuma binciken da muka ambata ya nuna cewa amfani da magungunan kashe raɗaɗi masu sa maye ya ƙaru a shekarun bayan aikin. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu da matan aure, har Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018, ba mu da hujjar cewa wannan labarin wasu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

A nan ne nauyin yake. Kafin tiyata ana tambayar majinyaci ko yana sha. Musulmi yakan ce a'a, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, balle idan ɗan'uwansa ko matarsa suna zaune a gefe. Wani lokaci likitan ma ba ya tambaya, da ya ga suna da hula ko hijabi sai ya wuce layin. Sai a zaɓa wa mutum nau'in aikin da ya fi haɗari a gare shi, a sallame shi ba tare da gargaɗi ba.

Gaskiya ne Musulunci ya umarci mai saɓo da ya suturta kansa, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi kashedi mai tsanani ga masu bayyana saɓonsu. Amma wanda ake nufi shi ne mai tallata zunubinsa yana alfahari. Wanda ya keɓe da likita ya faɗa masa gaskiya domin a tsare ransa, neman magani yake yi, kamar mai zuwa wurin malami neman fatawa a kan abin da ya aikata. Likita kuma amana ce a wuyansa ya riƙe sirrin. Ina kira ga 'yan rakiya su riƙa fita su ba majinyaci wuri da likitansa, ina kuma kira ga likitocinmu Musulmi su tambayi kowa, da murya mai taushi, ba tare da duba rawani ko tasbaha ba.

Akwai wani abu da masu wa'azi ya kamata mu sani. Tuba wajibi ce nan take, babu jinkiri. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba da sha kullum, idan ya tsaya farat ɗaya yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gushewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan yana kisa. Irin wannan mutum ya ƙulla tubarsa yau, ya nufi asibiti yau, a raba shi da ita ƙarƙashin kulawa. Kai shi asibiti yana cikin cikar tubar tasa.

Ga iyalai kuwa, ku riƙe wannan: haɗarin ya fi bayyana ne daga shekara ta biyu. A watannin farko kowa yana zuwa dubiya, ana dama kunu, ana yaba yadda jiki ya yi kyau. Bayan shekara an watse, an daina zuwa ganin likita, ramar ta tsaya, damuwar da ta sa ake yawan ci tana nan inda take. Binciken Dakta King ya lissafa waɗanda suka fi shiga haɗari: maza, masu ƙarancin shekaru, masu shan taba, waɗanda dama suna ɗan taɓa giya ko ƙwaya, da waɗanda suke jin ba su da masu tallafa musu. Wannan na ƙarshe a hannunmu yake. Zumunci da sallar jam'i da majalisin karatu ba za su maye gurbin likita ba, amma suna toshe kaɗaicin da Shaiɗan yake shigowa ta cikinsa.

Idan kuma an gano ɗan'uwa ya faɗa, kada a haɗa masa zafi biyu. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Gidan da yake amsa wannan jarrabawa da tsinuwa da gori yana koya wa mai ita ƙwarewa ne a ɓoyo.

A ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib (RA) da Tirmizi ya ruwaito ya koya mana raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kuma da mun riƙe shi tun ƙuruciya da da yawanmu ba su kai ga wuƙar likita ba. Wanda kuma larura ta kai shi, ya je da saninsa: ya faɗa wa likita gaskiya, ya riƙe shan bitamin ɗinsa har ƙarshen rayuwa, kada ya yanke zuwa asibiti, kuma ya ɗauki duk wani abin maye a matsayin abin da a da yake haramun mai cutarwa, yanzu kuma ya zama haramun mai saurin halakarwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye wa waɗanda aka jarraba, ya suturta mu duniya da lahira. Allah ne mafi sani.